Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamitin Kurket na ICC: ku sassauta wa masu jifa

Zuwa ga shugaban Kwamitin Kurket na Maza na Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, Sourav Ganguly, da sauran mambobin kwamitin, a Dubai.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

A watan Yulin 2025 kuka taɓa dokar ƙwallo biyu a wasan yini ɗaya, wanda kowane ɓangare ke yin oba 50 (oba ita ce jifa shida a jere), bayan ta kusa shekara 14 tana aiki. Har yanzu da sababbin ƙwallaye biyu ake farawa, kowane ƙarshen dandali da tasa, amma da zarar an kammala oba ta 34 sai kyaftin ɗin masu tsaron fili ya zaɓi guda a ƙarasa da ita. Na ji daɗin wannan mataki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, gyaran ya nuna ku da kanku kun yarda an danne mai jifa, sai dai maganin da kuka bayar bai kai girman ciwon ba. Dokar ƙwallo biyu guda ce cikin jerin dokokin da aka yi ta jibga wa mai jifa tun wajen 2005, kowace ta zo da hujjarta mai daɗin ji, amma idan aka haɗa su wuri ɗaya duk gefe guda suka karkata.

Mu fara da ita ƙwallon, tunda ita ce kaɗai makamin mai jifa. Farar ƙwallo tana karkata a iska na 'yan obobin farko, daga nan ta miƙe sak. Fata na biyu da mai jifan gudu yake da shi sai ta tsufa: gefe ɗaya ya goge ya bushe, ɗaya gefen ana ta gyara shi yana sheƙi, har ta kai lokacin da za ta fara karkata zuwa gefen mai sheƙi, a makare, gab da ta isa ƙafar mai bugu. Wannan juyayyiyar karkata ita ce fasahar da Sarfraz Nawaz da Imran Khan suka bunƙasa a Pakistan, Wasim Akram da Waqar Younis suka kai ta ƙololuwa. Akram ya fitar da mutum 502 a wasannin yini ɗaya, Waqar ya fitar da 416, kuma kaso mai tsoka na wannan aiki a ƙarshen zagaye suka yi shi, lokacin da masu bugu ke ganin dama ta samu. Tsohuwar ƙwallo tana da wani amfanin ma: ta yi laushi, ba ta tashi daga katako da ƙarfi, kuma tana kama ƙasa idan mai murzawa ya murza ta.

Da kuka kawo ƙwallo biyu a Oktoban 2011, kowace ƙwallo ta koma oba 25 kawai take yi a duniya. Ba ta tsufa, ba ta laushi. A oba ta 48 mai bugu yana dukan ƙwallon da ƙarfinta bai bambanta sosai da na tsakiyar wasa ba. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce farar ƙwallo tana dafewa, mai bugu ba ya ganinta da kyau. To, matsalar fenti da fata ce wannan, ta kamfanin da ke ƙera ƙwallo ce. Maimakon a matsa masa ya gyara hajarsa, sai aka ɗora wa mai jifa kuɗin gyaran. Ba wani tsohon mai jifa mai jin haushi ne ya fi ɗaga murya a kan haka ba. Sachin Tendulkar ne, a Yunin 2018, bayan Ingila ta zuba wa Ostireliya maki 481 a Nottingham, ya fito ya ce ƙwallo biyu hanya ce ta jawo masifa, domin ba a ba kowace lokacin da za ta tsufa har ta juya. Waqar ya mara masa baya. Sai da aka ƙara shekara bakwai kafin ku motsa.

Ku duba lissafin sabuwar dokar. Oba 34 a raba biyu, kowace ƙwallo ta yi 17. Wadda aka zaɓa za ta ƙara 16, ta ƙare wasa tana da oba 33 a jikinta. Tsakanin 2007 da 2011, a oba ta 34 ake cire ƙwallo a kawo wata da aka taɓa amfani da ita aka goge. Ke nan ƙwallon da muke murnar tsufanta yau, a jifan ƙarshe na zagaye take kaiwa shekarun da a da ake yi mata ritaya. Idan juyayyiyar karkata kuke so ta dawo, ku matso da zaɓen ƙwallon zuwa oba ta 24 ko 25, yadda za ta kusa oba 40 kafin a tashi.

Ga kuma yawu. An hana shafa shi a ƙwallo a 2020 saboda annobar korona, kowa ya fahimta. Annoba ta lafa, amma a Oktoban 2022 aka mayar da hanin na dindindin. Gumi ba ya aikin da yawu ke yi, duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo ya san haka. Mohammed Shami ya roƙi a janye hanin a farkon 2025, gasar IPL ta Indiya ta janye shi a kakar 2025, kuma ba mu ji an ce sama ta faɗo ba. Idan tsoron alewa da cingam ne, alƙalan wasa na da idanu, kyamarori sun cika fili. Hukunta mai maguɗi ya fi a ƙwace wa kowa da kowa kayan aikinsa.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bugun kyauta. Mai jifa ya zarce layi da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Me zai biyo baya? A ba abokan hamayya maki ɗaya. A sa shi ya maimaita jifan. Idan ya fitar da mai bugu da wannan jifan, a soke. Sannan jifan da ke biye ya zama na kyauta, wanda ba a fitar da mai bugu a kansa ko an cafe ƙwallon a sama, ko ta tarwatsa sandunan wiket, sai fa idan an riga shi isa layi ko ya yi irin laifuffukan da ba kasafai ake gani ba. Kyaftin ma ba shi da ikon sauya wa masu tsaron fili wuri matuƙar mai bugun bai canja ba. Laifi ɗaya, hukunci huɗu. A 2007 kuka shigo da wannan doka wasan yini ɗaya a kan zarce layi kaɗai, a 2015 kuka faɗaɗa ta ta haɗa kowane irin nobol, wato jifan da ya saɓa ƙa'ida. Tun 2020 kuma alƙalin talabijin ke duba ƙafar mai jifa a kowane jifa, babu wanda ke kuɓuta.

Kowa ya tuna daren 23 ga Oktoban 2022 a Melbourne, obar ƙarshe tsakanin Indiya da Pakistan. Mohammad Nawaz ya yi jifan da aka ce ya haura ƙugu, wato nobol, Virat Kohli ya ɗaga shi ya tsallake iyakar fili, maki shida. Da bugun kyauta ya zo, Nawaz ya yi abin da ake koya wa kowane mai jifa tun yana yaro: ya wuce katako ya bugi sanduna. Ƙwallon ta gangara can baya, masu bugu suka ruga suka kwashi maki uku. Mutum ya yi jifan da ya fi kowane kyau a obar, sakamakonsa asarar maki uku. Kohli bai yi laifi ba, doka ce ta ba shi, kuma natsuwar da ya nuna a daren abin yabo ce. Amma na zaci kwamitinku zai dubi wannan ya ce daga yanzu in ƙwallo ta taɓa sanduna a bugun kyauta, wasa ya tsaya, babu fita kuma babu maki. Sai ga shi a 2023 kun ƙara tabbatar da cewa makin yana nan daram.

Yanzu mu juya ɗaya ƙarshen dandalin, taku biyu daga inda mai jifa ke sauke ƙafa. Abokin mai bugu yana tsaye a bakin layi ɗaya da wancan. Shi ma doka ta ce ya dakata har ƙwallo ta bar hannu. Sau nawa muke ganinsa ya yi gaba da taku ɗaya ko biyu a obobin ƙarshe? Wane hukunci ke kansa? Babu, sai idan mai jifa ya katse gudunsa ya bugi sanduna. In kuwa ya yi hakan, ya shiga uku. Deepti Sharma ta yi wa Charlie Dean haka a filin Lord's a Satumban 2022, ta bi doka ƙeƙe da ƙeƙe, amma ihu ta sha daga 'yan kallo, aka kwashe makonni ana yi mata wa'azin ladabin wasa. Ravichandran Ashwin ya sha irin wannan a 2019 a kan Jos Buttler. Vinoo Mankad tun 1947 ake liƙa sunansa a jikin abin kamar wani tabo. MCC, ƙungiyar da ke rubuta dokokin kurket, ta kyauta da ta ɗauke wannan fitarwa daga babin rashin adalci ta mayar da ita babin fitarwa ta yau da kullum a 2022, sai dai nauyin aiwatarwa yana kan mai jifa har yau, da zagin da ke biye. Kyamarar da ke kallon ƙafar mai jifa tana ganin katakon abokin bugun a hoto guda. Me ya hana alƙalin talabijin ya soke makin da aka samu duk lokacin da ya ga an bar layi da wuri? Ba a buƙatar sayen ko na'ura ɗaya. Mako biyu da fara wannan, ɗabi'ar za ta mutu.

Haka batun sauya hannu. Dole mai jifa ya sanar da alƙali hannun da zai yi jifa da shi da gefen da zai biyo, in ya sauya bai faɗa ba, nobol. Mai bugu kuwa, tun da Kevin Pietersen ya juya daga na-dama ya koma bahago a kan Niyu Zilan a 2008 kuma MCC ta halatta, yana da 'yancin rikiɗa bayan kyaftin ya gama jera mutanensa. Ni ba na so a hana wannan bugu, yana da ban sha'awa kuma akwai kasada a cikinsa. Amma wanda ya juya ya yarda cewa ba shi da sauran gefen ƙafa: kada a kira wayid, wato jifan da ya yi nisa da mai bugu, a kan abin da ya wuce ta bayansa, kuma in ƙwallo ta same shi a ƙafa a gaban sanduna, a daina tambayar ta wane gefe ta sauka. Shi kansa wayid na gefen ƙafa ya daɗe da wuce hankali. Ƙwallo ta goga wando ta wuce da tazarar ɗan yatsa, a ce ba ta bugu, alhali mai bugun ne ya matsa.

Sai ƙa'idar rabo. Rohit Sharma ya ci maki 264 a kan Siri Lanka a Kolkata a Nuwamban 2014, ya fuskanci jifa 173 cikin 300 na zagayen. Babu wanda ya ce ya isa haka, ba wa wani. Daidai ne, gwani a bar shi ya nuna gwanintarsa. Amma Jasprit Bumrah ko Rashid Khan, ko da wuta suke fitarwa a ranar, jifa 60 ne iyakarsu, a T20, wasan oba ashirin, kuma 24. Na san dalilin: don kada ƙungiya ta zo da masu jifa biyu ta cika sauran gurabe da masu bugu. To a tsaya tsakiya mana. A bar mutum biyu su kai oba 12 a wasan yini ɗaya, mutum ɗaya ya kai biyar a T20. Kyaftin zai samu abin tunani, masu bugu kuma za su daina dabarar lallaɓa gwani har rabonsa ya ƙare sannan su far wa na biyar.

Da'irar yadi 30, wadda ake ƙayyade yawan masu tsaron da za su tsaya a wajenta, ba zan daɗe a kanta ba. A 2012 kuka rage masu tsaron da ke wajenta zuwa huɗu, a 2015 kuka dawo da na biyar a oba goma na ƙarshe kawai. Daga oba ta 11 zuwa ta 40, lokacin masu murzawa ke nan, kullum akwai kusurwar da ba kowa, kuma masu bugun zamani sun iya nemo ta ta gaba da ta baya. Mai murzawa da yatsa ya daina ɗaga ƙwallo sama don yaudara, ya koma harba ta ƙasa-ƙasa don tsira da mutunci.

Agogo ma a wuyan masu tsaron fili aka rataye shi. Daƙiƙa 60 tsakanin oba da oba, gargaɗi biyu, na uku maki biyar. Amurka ce ta fara ɗanɗana wannan a wasanta da Indiya a New York a Yunin 2024, a daidai lokacin da wasan ke kan siraɗi. Wanda kuma bai fara obar ƙarshe a kan lokaci ba, a janye masa mutum ɗaya zuwa cikin da'ira. Ba na goyon bayan jan ƙafa, wasan yini ɗaya ya yi tsawo. Amma mene ne ke cin lokacin? Neman ƙwallon da aka cilla cikin 'yan kallo, sauya safar hannu, kawo ruwa da sabon katako, taron shawara a tsakiyar dandali. Na san alƙalai na rage wasu mintuna saboda irin waɗannan, na kuma san akwai dokar hukunta mai bugu da ke ɓata lokaci. Ku faɗa mini sau nawa aka yi aiki da ita. Ko fitar da Angelo Mathews da aka yi a Delhi a 2023 saboda jinkirin shiri, abin ya zama labari ne don shi ne karo na farko a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa.

Ranku ya daɗe, na san amsoshin da za a ba ni, kuma wasunsu na da ƙarfi. Za a ce maki ya fara hauhawa tun kafin yawancin waɗannan dokoki. Gaskiya ne: Ostireliya ta ci 434, Afirka ta Kudu ta rama da 438 a Johannesburg tun Maris ɗin 2006, kuma Tendulkar ya kai 200 a Gwalior a 2010, kafin ƙwallo biyu. Za a ce T20 ta sauya tunanin masu bugu, sun fi na da ƙarfi da motsa jiki, sun daina tsoron fita. Wannan ma haka ne, babu dokar da ta koya wa AB de Villiers cin ɗari a jifa 31. Za a ce masu jifa ma ba su zauna ba, sun ƙirƙiro jifa mai rage gudu iri-iri, da wanda ake nufa can nesa da ƙafa, masu murzawa da wuyan hannu kamar Kuldeep Yadav da Adil Rashid kuma kasuwarsu ta buɗe. Za a tuna mini cewa kun yarda da jifa biyu masu tashi kai a kowace oba a wasan yini ɗaya tun 2012, an ƙayyade girman katako a 2017, an ce sabon mai bugu ne zai fuskanci jifa bayan an cafe na gabansa, kuma sake duba hukunci ta talabijin ya taimaki masu murzawa ƙwarai.

Duk na amince. Amma hujjar farko a kanku take komawa. Idan masu bugu suna ƙara ƙarfi da kansu, aikin mai doka shi ne ya ƙara wa ɗaya ɓangaren nauyi don sikeli ya daidaita. Ku kuwa gefen da ya riga ya rinjaya kuka yi ta ƙara wa. Daga wasan yini ɗaya na farko a Melbourne a 1971, sai da aka yi shekara 35 kafin wata ƙasa ta kai 400. Bayan 2011, Ingila kaɗai ta ci 444 a 2016, da 481 a 2018, da 498 a kan Holan a 2022. Shi kuma ƙayyade katakon, milimita 40 a baki da 67 a kauri, ihu ne bayan hari, domin a kusa da inda katakon ya riga ya kumbura aka ja layin. Ga igiyar iyaka da dokarku ta yarda ta matso har mita 59.43, ana kuma janyo ta ciki saboda allunan talla. Sakamakon shi ne abin da ke karya zuciyar kowane mai jifa: ka yaudari mutum, ya buga da gefen katako, kana shirin murna, ka ga ƙwallo ta sauka bayan igiya. Kamar a ɗaure wa mutum hannu ɗaya ne a ce ya kare kansa, in an kayar da shi a ce bai iya ba.

Akwai ranar da wannan tunani ya fito fili ƙarara, 14 ga Yulin 2019, wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Lord's. Niyu Zilan ta ci 241, mutum takwas suka fita. Ingila ta ci 241, an fitar da ita kakaf. Obar raba gardama ta tashi 15 da 15. Sai aka buɗe littafi aka ga wanda ya fi yawan huɗu da shida shi ne zakara, Ingila 26, Niyu Zilan 17. Aikin masu jifan da suka fitar da mutum goma bai shiga lissafi ba ko kaɗan. Kun soke dokar bayan wata uku, amma tambayar da ba a amsa ba ita ce yadda aka yi tun farko wani ya zauna ya rubuta ta, wasu suka karanta suka sa hannu, babu wanda ya ji wani abu ya yi masa ƙaiƙayi.

Wannan ido ɗaya ne ake duban dandalin jifa da shi. A Kofin Duniya na T20 na 2024 kun ce dandalin New York a wasanni biyu na farko bai gamsar ba, haka na Tarouba inda aka fitar da Afganistan da maki 56 a wasan kusa da na ƙarshe. Ban yi musu ba, ƙwallo na tashi yadda ta ga dama, akwai haɗari ga jiki. Amma dandalin da ba ya ba mai jifa komai, ba karkata, ba murɗawa, ba tashi, shi ma bai gamsar ba, kuma ya cancanci irin wannan tambarin a wasannin gajeren zango. Muddin mai kula da fili ya san 120 za ta jawo masa takardar tuhuma, 400 kuma yabo, kun riga kun gaya masa abin da zai shirya.

Hujjar da ake ɓoyewa a bayan sauran ita ce kuɗi: wai 'yan kallo shida suke so, masu talabijin kuma 'yan kallo suke so. Ina shakkar rabin farko na wannan magana. Ku tambayi masoya wasan nan waɗanne ranaku ne ba sa mantawa. Indiya ta kare maki 183 a gaban West Indies a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1983, kuma daga wannan rana kurket ya zama abin da ya zama a ƙasar da ke ciyar da wasan a yau. Ostireliya da Afirka ta Kudu sun yi kunnen doki 213 da 213 a Edgbaston a 1999, ranar da Shaun Pollock ya fitar da biyar, Shane Warne ya fitar da huɗu. A New York ɗin da aka kushe, Indiya ta ci 119 ta hana Pakistan kaiwa. A wasan ƙarshe na wannan gasa ta 2024 a Barbados, Afirka ta Kudu na neman 30 a jifa 30 a kan Indiya, Bumrah ya dawo ya shaƙe wasan, kuma shi aka ba gwarzon gasar. Ku ajiye waɗannan kusa da daren Afrilun 2024 a Bengaluru da aka ci 287 aka rama da 262, maki 549 a oba 40. An yi ta tafi, ba shakka. Amma shida ta talatin a dare guda ba ta tayar da kowa daga kujera kamar ta farko.

Wancan wasan na IPL ne, ba hurumin ICC ba, na sani. Na kawo shi ne don dokar ɗan canji da gasar ta fara a 2023, wadda ke ba ƙungiya damar ƙara mai bugu na musamman, ta yadda na sama ke kai hari ba fargaba. Rohit Sharma da kansa ya ce ba ya sonta. Kun gwada mai kama da ita a 2005 kuka watsar cikin shekara guda. Ina roƙonku kada ta dawo wasannin ƙasa da ƙasa ta kowace ƙofa. Abin da ya dace ku ara daga IPL shi ne jifa biyu masu tashi kai a obar T20, da dawo da yawu.

Shugaba, kai kanka ka fitar da mutum 100 a wasan yini ɗaya, har da biyar a kan maki 16 da ka yi wa Pakistan a Toronto a 1997. Wanda ka gada a kujerar nan, Anil Kumble, mai jifa ne na gaban kwatance, amma ƙwallo biyu ta wuce zamaninsa lafiya lau, abin da ke nuna matsalar ta fi ƙarfin wanda ke kan kujera. Jifan gudu sana'a ce mai cin baya da gwiwa. Bumrah ya rasa Kofin Duniya na T20 na 2022 saboda ciwon baya, Jofra Archer ya yi shekaru yana fama da gwiwar hannu. Yaron da ke kallon Bas de Leede yana ba da maki 115 a oba goma a Delhi, ranar da Glenn Maxwell ya ci ɗari a jifa 40, wanne daga cikin biyun zai so ya zama? A 2028 kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, mutane da yawa za su fara ganinsa a ranar, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka shi ne wasan.

Ba na neman ku sauya komai a zama ɗaya. Soke makin wanda ya bar layi da wuri, da tsayar da wasa in ƙwallo ta bugi sanduna a bugun kyauta, waɗannan biyun ba sa bukatar gwaji, sa hannu kawai suke jira. Ƙarin obobi ga gwanayen masu jifa da mai tsaro na biyar a tsakiyar zagaye, a gwada su a gasannin cikin gida na ƙasashe biyu ko uku na kaka ɗaya. Batun ƙwallo kuwa, kuna da bayanan kowane jifa da aka yi tun Yulin 2025. Ku fitar da su kowa ya gani: nawa ƙwallo ke karkata daga oba ta 35 zuwa ta 50, nawa ake ci, mutum nawa ke fita, a kwatanta da shekarun baya. Idan alƙaluman sun nuna juyayyiyar karkata ta dawo, zan yi shiru a kan wannan. Idan ba ta dawo ba, ku matso da zaɓen ƙwallon gaba, kuma ku yi hakan da wuri yadda ƙungiyoyi za su saba kafin Kofin Duniya na 2027 a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya.

Na gode da lokacinku. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar wasan kurket